Makfo ta mazan jiya, mai baki ɗaya ko bindigar toka: wacce maharbin Kabi zai riƙa?

Tun bayan babbar sallah wani ƙanena ɗan kawuna da ke zaune can gefen Argungu ya hana ni sakat, kullum dare sai ya turo min bidiyo ta WhatsApp, Turawan Amurka ne zaune cikin garejinsu suna kwance tsofaffin bindigogin soja suna goge maiƙo suna shafa ma icce mai, in sun gama su tafi daji su kado barewa da ita. Rannan ya kira ni ya ce "Yaya wallahi irin wagga nike so, irin wadda Kaka ya riƙa a yaƙin Bama, kuma an ce min akwai wani mai ita zai saida." Ya saida shinkafarshi ta rani kuɗi na hannu, kuma yaro ne mai son farauta tun yana bin manya da gora da kare. Na ce mashi ya dakata mu zauna tukuna. Abin da na faɗa mashi shi ne nike rubutawa nan, don na san ba shi kaɗai ba ne, samari da yawa masu sha'awar daji suna tsaye tsakanin abu uku, tsohuwar bindigar soja da muke kira makfo, bindiga mai baki ɗaya ko biyu mai cin katirij, sai kuma bindigar toka ta iyaye da kakanni wadda wasu ke ce ma harba-ka-ruga.

Ni ba zan raina ma kowa son makfo ba don ni ma ina sonta. Kakanmu na cikin mazan jiya da Ingila ta ɗauka zuwa ƙasar Bama ta can Asiya, inda runduna ta 81 da ta 82 na sojan Afirka ta Yamma sunka yi yaƙi da Japan tsakanin 1943 da 1945, can wajen kogin Kaladan da ƙasar Arakan da Myohaung, shi ya sa har yau kake jin barikin Arakan da barikin Myohaung a Legas. Mutanen ƙasar nan sun shiga aikin soja ƙwarai, musamman ƙasar Zuru da kowa ya san gidan soja ce. Ina yaro tsohon kan ɗauki sandarshi ya ɗora a kafaɗa ya nuna mana yadda ake jan sakatar bindigar, sama, baya, gaba, ƙasa, hannunshi na rawa don tsufa amma wanga motsi bai taɓa ɓace mashi ba. Shi ya gaya mana akwai 'yar ƙofa a gindin ƙotar inda ake aje kwalbar mai da igiyar goge ciki, kuma in an yi harbi da rana to da yamma sai an ɗura tafasasshen ruwa cikin bututun kafin a sa mai. Amma ga abin da nike so ƙanena da irinshi su lura da shi, Kaka bai dawo gida da bindiga ba. Da anka sallame su sun maida ta ma'ajiyar makamai, abin da ya shigo gida da shi lambobin yabo ne da takardar sallama da wani tsohon bargo. To duk wanda ya ce maka ga makfo ta gado tun yaƙin Bama, ka tambayi kanka ta ina ta fito. Galibi irin waɗannan daga ma'ajiyar hukuma sunka sulale, ko lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ko an ƙwace hannun wani ɗan sanda, kuma ba ka san jinin wa ke kanta ba.

Ita kanta bindigar sunanta na asali Lee-Enfield. Akwai tsohon samfuri na 1907 da anka yi yaƙin duniya na farko da shi, sai mai lamba 4 da ta bazu daga 1941, ita ce 'yan sandanmu sunka daɗe suna rataye da ita har bakin mutane ya maida sunan da ake ce mata da Turanci, "Mark four", ya koma makfo. Tana cin harsashi 10, nauyinta wajen kilo 4, harsashinta shi ake kira .303, kuma cikin bututunta akwai tsaga mai murɗewa da ke sa harsashin ya fita yana juyawa kamar katantanwa, abin da ke ba shi saiti da nisa ke nan. An ƙera ta a Ingila da Kanada da Amurka, tsohon samfurin kuma har Ostareliya da Indiya sun yi shi. Ƙarfinta ba magana, 'yan sintirin arewacin Kanada can cikin ƙanƙara sun riƙe ta sama da shekara 70 kafin a fara canza masu ita wajajen 2018. Masu tara irin waɗannan kaya a waje suna haɗa ta da Mauser ta Jamus ta 1935 da Mosin ta Rasha ta 1891, dukkansu masu sakata ne, amma waɗancan biyun harsashi 5 suke ci, kuma a saurin harbi Enfield ta fi su. Duk wanga gaskiya ne. Sai dai bindiga mai kyau a Kanada ba lalle ta zama bindigar da ta dace da fadamar Argungu ba, kuma wurin da za a fara auna su ba daji ba ne, gaban doka ne.

Dokar makamai ta ƙasar nan ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi kashi uku, kuma abin mamaki kowace ɗaya cikin ukun da muke magana ta faɗa kashi dabam. Kashi na farko su ne haramtattu, a nan anka sa igwa da gurneti da mashinga da fistol, kuma a nan anka rubuta bindigogin soja da lambar harsashinsu ƙarara, 7.62 da 9 da .300 da .303. Ka ga makfo ke nan da sunanta. Ba difi'o ke ba da lasisinta ba, ba kwamishina ba, ba ma Sufeto Janar ba, sai shugaban ƙasa da kanshi. Dokar ba ta ce in ta tsufa ko ta yi tsatsa ko ta gado ce an yafe ba, yadda za ta kalli mai AK haka za ta kalle ka, kuma hukuncin ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. A Amurka da ƙanena ke kallo akwai lasisi na musamman ga masu tara bindigar da ta haura shekara 50, shi ya sa kake ganinsu hankali kwance suna jera su a bango suna ɗaukar bidiyo. Mu ba mu da wanga tsari sam.

Kashi na biyu shi ne na bindigar mutum ta ƙashin kanshi, nan mai baki ɗaya da mai baki biyu suke, da bindigar iska, kuma lasisinsu hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. A lura, dokar ta cire duk mai ɗura kanta da kanta daga wanga kashi, don haka wadda ake ce ma fom-akshan da mutane ke rububi kada ka ɗauka ɗaya take da mai baki ɗaya. Sai kashi na uku, masu ɗuri ta baki, wato bindigar toka da danginta, su maganarsu na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da sunka wuce. Kuma ko lasisin mai baki ɗaya ba kamar da ba ne, a watan Agusta 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ce sun tsaida ba da sabon lasisi saboda yawan makamai a hannun mutane. Ko a 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, 'yan sanda cewa sunka yi ba a buɗe ba da lasisi ba. Saboda haka kafin ka ba kowa ko sisi, taka da ƙafarka ka je hedikwatar 'yan sanda a Birnin Kebbi ka ji halin da ake ciki a ranar, takarda ita ce gaba bindiga na biye, in ka juya su ka sa kanka cikin rigima. Wani abin da mutane ba su sani ba, lasisi ba a gadonshi, in mahaifi ya rasu ya bar bindiga mai takarda, 'yan kwanaki kaɗan doka ta ba magada su daidaita da hukuma.

Mu aje doka gefe ɗaya mu shiga daji. Mi muke farauta a nan yanzu? Mu faɗi gaskiya, zabo ne da fakara da hasbiya da kurciya, zomo, gafiya, gyazbi a bakin fadama, gada in an yi sa'a, sai kirinjijiya da dinya in ruwa ya kwanta a fadamar gulbin Kabi ko can wajen Yauri. Su gwanki da kanki da ɓauna da tsofaffi ke ba da labari sun yi nisa, ɗan abin da ya rage yana cikin gandun daji irin na Kainji, kuma can harbi haramun ne ga kowa. To ita makfo an yi ta ne don a harbi mutum daga mita ɗari uku ko fiye, harsashi ɗaya tak take fitarwa mai gudun sama da mita 700 cikin daƙiƙa guda. Ka auna zabo da ya tashi sama da wanga harsashi? Ba za ka same shi ba, in ma ka same shi a ƙasa sai dai ka tsinci gashi. Kuma babban abin tsoron shi ne in ka kuskure, harsashin ba ya tsayawa don ka kuskure, yana iya tafiya kilomita biyu har uku. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗa ce ba duwatsun da za su tare, bayan wancan kurmi akwai rugar Fulani, akwai mata masu itace, akwai yara masu kiwo, akwai mai ban ruwa a gonar albasa da injinshi na ƙara bai ma ji ka ba. Wallahi ko da doka ta halatta ni ba zan harba .303 a fadamar Argungu da rani ba.

Mai baki ɗaya kuwa cikinta sumul yake ba tsaga, katirij ɗinta cike yake da ƙwayoyin dalma da ke watsuwa in sun fita, aikinta na gaske tsakanin mita 30 zuwa 40 ne, ƙananan ƙwayoyin kuma in sun yi mita ɗari biyu ko uku sun zube ƙasa ba ƙarfi. Abin da wasu ke gani kasawa ni shi nike gani alheri, don daidai nisan da muke samun nama ke nan. Ga sauƙin zaɓi, in tsuntsu kake nema ka sa mai ƙananan ƙwaya lamba 4 zuwa 6, in gada ce ka sa mai manya irin BB ko AA, bindiga ɗaya ta yi maka aiki biyu. Ɗauki misalin Baikal ta Rasha, ba ta kai kilo 3 ba, karya ta ake a tsakiya a sa katirij a rufe, ba wani tarkace cikinta da zai lalace, ka yini da ita a kafaɗa daga hantsi har la'asar ba ta gajiyar da kai kamar makfo. Kuma in ka karya ta ka rataya a hannu kowa na gani daga nesa ya san ba za ta tashi ba, wanga ba ƙaramin abu ba ne ranar farautar gayya da mutum ɗari ke cikin daji ɗaya da karnuka da masu ganga. Mai baki biyu ta fi ta da harbi na biyu, in garken kirinjijiya ya tashi ka samu ka ƙara, amma ta fi nauyi ta fi tsada, kuma ga mai koyo ni na fi son mai baki ɗaya, don sanin cewa harbi ɗaya gare ka shi ke koya maka haƙuri da laɓe.

Aibinta ita ma akwai. Katirij kuɗi ne kuma kullum hawa yake, ba a cika kwanso a gida, kuma shi ma sai mai lasisi doka ta yarda ya riƙe. Sannan kasuwa cike take da na ƙirar gida da anka yi ma fenti da rubutun Turanci a ce maka 'yar waje ce, irin waɗannan bututunsu ba a gwada shi da matsin katirij na zamani ba. Ka duba tsawon ɗakin katirij da ke rubuce jikin ƙarfen, in an sa 70 kada ka cusa mata mai 76 don ya shiga, shiga dabam lafiya dabam. Kada kuma wani ya ruɗe ka ka yanke bakinta don ta yi sauƙin ɓoyo, doka ta hana rage shi ƙasa da inci 20, kuma daga ranar da ka yanke ta ta tashi daga kayan maharbi ta koma kayan ɗan fashi a idon duk jami'in da ya gan ta.

Bindigar toka ita ce tamu, ita ce ta hawan sallah da tarbar sarki, ita Sarkin Baka da mutanenshi ke riƙe da ita tun kafin a haife mu. Turawa na kiran irinta da sunan mutanen Denmak da sunka riƙa kawo ta gaɓar teku wajen Ankara ta Gana zamanin cinikin da, daga baya maƙeranmu sunka karɓi sana'ar. Ita ce mafi araha nesa ba kusa ba, abin ɗurinta ma haka, kuma ita ce hukuma ta fi sassauta ma, ko da yake sassauci ba ya nufin a riƙe ba rajista. A hannun wanda ya san ta tana kada zomo da gada a mita 20 zuwa 25 lafiya lau. Amma ba zan ɓoye maka ba, cikin ukun nan ita ta fi cin mai ita. Na gani da idona wata shekara da munka fita bayan an gama girbi, wani dattijo maƙwabcinmu ya ja kunama ba ta tashi ba, raɓa ta taɓa albarushin da asuba, ya aje ta jikin kalgo anka shiga hira, can da zomo ya gitta ya manta akwai ɗuri ciki ya ƙara wani a kai. Ƙarar da ta yi ba irin wadda munka saba ji ba ce, bututun ya tsage daga gindi ya buɗe kamar an ɓare rake, hayaƙi ya turnuƙe, da ya washe sai ga shi durƙushe riƙe da hannun hagu yana salati, yatsu biyu babu. Da rawaninshi munka ɗaure hannun anka ɗora shi a mashin zuwa asibiti. Mutum ne da ya fi shekara 30 yana harbi.

Shi ya sa duk mai son ta toka nike ce mashi abu uku ba wasa cikinsu. Ka yi alama jikin sandar ɗuri inda take tsayawa in bindigar ba komai, kullum kafin ka ɗura ka zura ka gani. In ka ja ba ta tashi ba kada ka leƙa bakinta kada ka juya ta wajen mutane, riƙe ta ka fuskanci fili ka jira, tana iya tashi a makare. Na uku, kada ka kuskura ka farke katirij ko harsashin soja ka juye garin cikinshi a bindigar toka don wai ta ƙara ƙarfi, wancan gari ba albarushi ba ne, matsinshi ya fi ƙarfin bututun nesa, masu yin haka su ne ake kaiwa asibiti ba fuska. Ban da wannan ga jinkirin ɗuri, ga hayaƙin da ke rufe maka ido ba ka ga inda naman ya bi ba, ga damina da ke kashe ta gaba ɗaya.

Sai maganar gyara, wadda ita ce ta fi jan hankalin ƙanena a bidiyon nan. Abin da bai lura ba shi ne su waɗancan masu tarawa ba sabunta bindiga suke ba, adana ta suke. Wanda ya san abin ba ya goge icce da samfefa, ba ya shafa fenti ko banish, man linsid kawai yake shafawa kaɗan-kaɗan, don tambarin masana'anta da 'yar alamar kibiya ta gwamnatin Ingila da lambobin da ke jikin sakata da gangar jiki su ne darajarta, in lambobin sun dace da juna kuɗinta ya ƙaru, in wani ya yanke iccen don ta yi kama da ta farauta darajar ta faɗi. Kuma kafin su harba sai an kai ma gwani ya auna tazarar da ke tsakanin kan sakata da gindin harsashi da ma'auni na musamman, ita mai lamba 4 kan sakatarta ma girma huɗu gare shi daga 0 zuwa 3 don a daidaita wagga tazara. In ta yi yawa kwanso na iya fashewa iskar wuta ta dawo maka a ido. Akwai waɗanda anka buga ma DP a jiki, ma'ana ta fareti ce kawai an yanke mata hukuncin kada a sake harba ta, akwai kuma na jabu da maƙeran iyakar Pakistan da Afganistan ke ƙerawa da tambarin ƙarya. Wa zai tantance maka wannan a nan? Ga kuma abin da Kaka ke faɗi na ruwan zafi, dalilinshi shi ne tsohon harsashin soja na barin wani gishiri cikin bututu mai jawo tsatsa, mai kaɗai ba ya wanke shi sai ruwa. Bindigar da ta yi shekaru binne cikin rami ko cikin rufin ɗaki ba wanda ya yi mata haka, cikinta ya riga ya zama kamar gara ta ci, ko waje na ƙyalli. Harsashinta ma in an samu tsoho ne mai shekara hamsin ko sittin, wani ya tashi wani ya yi shiru wani ya tashi a makare, kuma ba ta hanyar arziki ake samunshi ba, wanda zai saida maka shi ne mai saida ma mutanen daji. Bayan haka dokar nan ta hana gyaran bindiga sai wurin da hukuma ta ba izini.

Mai baki ɗaya kuwa kulawarta ba ta wuce tsumma da sanda da man keken ɗinki ba, ka goge ciki duk ranar da ka harba, ka shafa mai sama-sama, lokacin hunturu ka kula da ƙura lokacin damina ka kula da laima, kada ka aje ta cikin buhun leda tana zufa. Ta toka ita ruwan ɗumi take so bayan harbi don tokar albarushi na jan ruwa, a busar da ita sarai sannan a sa mai. Dukkansu a aje su ba ɗuri, nesa da yara, harsashi wuri dabam a kulle.

Akwai kuma abin da ba a rubuta cikin doka ba amma duk ɗan Kabi ya san shi, wato yadda za a gan ka. Halin da ake ciki a Danko-Wasagu da Sakaba da sauran ƙasar Zuru ba ɓoyayye ba ne, ga kuma Lakurawa da sunka kai hari Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamba 2024, nan kusa da mu. Soja ko ɗan sa-kai da ya hango mutum cikin daji da bindigar soja ba zai tsaya tambayar shekarar da anka ƙera ta ba. Su ma mutanen daji in sun ji akwai irinta gidanka sun samu dalilin zuwa. Ko bindigar toka ma ba ta tsira ba in an fita da ita inda ba a san ka ba, kowa ya tuna mafarauta 16 'yan arewa da anka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris 2025 suna hanyar dawowa gida sallah, bayan an ga bindigogin farauta cikin motar da sunka shiga, Allah ya jiƙansu. Don haka duk wadda ka zaɓa, ka zama sananne, sunanka na wurin Sarkin Baka da mai gari, takardarka na aljihu, kuma kada ka yi doguwar tafiya da bindiga.

To in an tara duka ga yadda nike gani. Wanda ke da hali, kuma ya je ya tabbatar ana ba da lasisi ya samu nashi, mai baki ɗaya 'yar asali ita ce zaɓi, ita ta dace da namanmu da filinmu, ita ta fi aminci ga mai ita da wanda ke bayan kurmi. Wanda lasisin bai samu ba, ko kuɗin katirij zai yi mashi nauyi, ko dama gidansu gidan farauta ne akwai babba da zai tsaya kanshi, ya riƙi ta toka mai rajista, amma ya yi shekara guda yana bin manya yana kallon ɗuri kafin ya ɗura da hannunshi, kuma kada ya sayi wadda bai san maƙerinta ba. Makfo kuwa ban ga wanda zan ce ma ya saya ba, ko mai kuɗi ko talaka. Wanda ya riga ya iske ta cikin kayan gado kada ya ɗauke ta ya nufi ofis da ita a kafaɗa, ya fara samun mai gari ko hakimi su sanar da 'yan sanda a zo a ɗauka a rubuce.

Shi ƙanena da na gama mashi bayani shiru ya yi, can ya ce "To Yaya son da nike ma abin fa?" Na ce son tarihi ne ke damunka kuma wannan akwai inda za ka kai shi. Gidan tarihi na Kanta na nan cikin Argungu, tsohuwar fadar sarki ce, ga masu da takubba da kwari da baka da tsofaffin bindigogi ka je ka yini kana kallo ba mai kama ka. Na kuma tuna mashi lambobin Kaka na cikin wata tsohuwar adaka ɗakin Inna, ƙyallensu ya ci ya canza launi, takardar sallamar ta fara karyewa wurin ninki. Satin da ya wuce ya je ya ɗauko su, ya goge lambobin da tsumma mai laushi bai sa masu komai ba, takardar kuma ya kai an ɗauki hotonta ya sa ta cikin firem. Maganar bindiga mun aje ranar Litinin mu tafi Birnin Kebbi tare mu ji ta bakin hukuma, in ba a buɗe lasisi ba zai koma wurin Sarkin Bakan garinsu ya ci gaba da bin su da gorarshi har kaka mai zuwa.